Ƙona faifan CD a Linux: kafin ka zaɓi manhaja, tambayi inda faifan zai je

Bayan sallah ƙarama kawuna da ke Gwammaja ya kira ni ya ce yana son a zuba masa tafsirin azumin da ya wuce a faifai, saboda motarsa tsohuwa ce, rediyonta ba ya cin filashi ba ya cin memori, faifai kawai ya sani. Na ce to Kawu an gama. Laftof ɗina Debian ce a kai, wani nau'in Linux, kuma tana da sidirom ɗinta a jiki, wato na'urar karanta faifai da ƙona shi, irin tsofaffin nan masu nauyi da ake samu wajen Beirut Road. Na kwashe fayilolin na zuba a faifai ɗaya na kai masa, washegari ya bugo ya ce "Ɗana, abin nan naka ya shiga ya fito, bai ce komai ba." Faifan lafiyarsa ƙalau, a kwamfuta yana buɗewa, matsalar ita ce na yi masa faifan ajiya alhali rediyon motar faifan sauti kaɗai yake ganewa.

Na kawo wannan ne saboda duk lokacin da wani ya tambaye ni wace manhaja ce ta fi kyau wajen bonin, wato ƙona faifai, a Linux, amsar da nake bayarwa ita ce wace na'ura ce za ta karanta faifan? Daga nan zaɓin yake farawa. Kuma kar wani ya ce ai zamanin CD ya wuce, eh 'yan dawunlodin sun karɓe kasuwa, shagunan faifai na Ƙofar Wambai da Bata ba kamar da ba, amma har yanzu akwai motoci da rediyoyin gida da tsofaffin kwamfutocin makarantu da ofisoshi a garin nan da ba su san komai ba sai faifai, akwai kuma masu son ajiye karatun malaminsu ko hotunan biki a abin da ba zai goge ba don waya ta faɗa ruwa.

Abin da ke rikita mutane shi ne faifan iri ɗaya ne a ido amma abin da ake rubutawa a kai kala-kala ne. Faifan sauti, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar da ƙa'idarsa a 1980, babu fayil a cikinsa sam, sauti ne zalla a jere, ana ɗaukar samfurinsa sau 44,100 a daƙiƙa, bit 16, kunne biyu, kuma da minti ake auna shi ba da megabait ba. Faifan da aka rubuta 700MB a jikinsa minti 80 yake ɗauka, ko karatun da ka zuba mai nauyi ne ko mara nauyi, kuma ba ya wuce waƙa ko zango 99. Shi kuwa faifan ajiya fayiloli ne da folda kamar filashi, a cikinsa kana iya zuba MP3. Ga lissafin da ya sa bambancin yake da muhimmanci: a ce tafsirin kwana 30 ne, kullum awa ɗaya da rabi, awa 45 kenan. In faifan sauti za ka yi sai ka ƙona 34. In kuwa MP3 ne mai nauyin 64kbps, faifai ɗaya yana ɗaukar sama da awa 25, biyu sun ishe ka. Amma fa sai rediyon ya iya karanta MP3, galibi za ka ga an rubuta a fuskarsa. Na Kawu ba a rubuta ba, sai muka zauna ya zaɓi surorin da ya fi so na yi masa faifai shida.

Yanzu ga maganar manhajojin. A Windows mutane sun saba da Nero, abu ɗaya da ke yin komai. A tsarin Unix ba haka ginin yake ba, aikin kashi-kashi ne. Akwai mai haɗa fayilolinka ya mayar da su dunƙule ɗaya da ake kira ISO, akwai mai magana da sidirom ɗin ya ce masa kunna hasken ka rubuta, sannan akwai mai kyakkyawar fuska da kake dannawa da linzami. K3b da Brasero da Xfburn duk fuska ce. Kamar shagon tela ne, wanda ya karɓi yadinka ya auna ka daban, wanda ke kan keke a ciki daban, in ɗinki ya ɓaci sai ka san hannun wa ya bi. Mutum zai yi ta sauya fuska, ya cire Brasero ya sa K3b, faifai na ci gaba da lalacewa, saboda injin da ke ƙasa bai canza ba.

Injinan nan gida uku ne, kuma akwai tarihin rigima a tsakaninsu da ya kamata ka sani don shi ne ke haifar da ruɗanin suna har yau. Gida na farko shi ne cdrtools na wani Bajamushe Jörg Schilling, a ciki akwai cdrecord mai ƙonawa da mkisofs mai haɗa ISO, wanda asalinsa Eric Youngdale ne ya fara rubuta shi. Tun shekarun 1990 su ne ake amfani da su a Linux da BSD da Solaris. A 2006 Schilling ya mayar da wani sashe na aikin ƙarƙashin lasisin CDDL na kamfanin Sun, mutanen Debian suka ce wannan lasisin ba ya haɗuwa da lasisin GPL da ke kan sauran sassan don haka ba za su iya rarraba shi ba, shi kuma ya ce sam ba haka ba ne. Ba a daidaita ba. Debian suka ɗauki tsohon zubin da ke kan GPL suka buɗe gida na biyu mai suna cdrkit, suka sauya sunaye, cdrecord ya koma wodim, mkisofs ya koma genisoimage. To matsalar ita ce cdrkit bai yi nisa ba aka daina kula da shi, fitowarsa ta ƙarshe 1.1.11 ce a 2010. Shi kuma Schilling ya ci gaba da gyara nasa har ya rasu a 2021.

Inda abin ke cizon mai koyo shi ne a wasu nau'o'in Linux in ka rubuta cdrecord ko mkisofs a taminal, wato tagar rubuta umarni, ba na Schilling ne ke amsawa ba, wodim ne ko genisoimage sanye da rigar wancan. Sai ka karanta bayani a intanet da aka rubuta don cdrecord na asali, ka kwafi umarnin, ya ƙi aiki ko ya yi wani abu daban, ka zaci kai ne ka yi kuskure. Rubuta cdrecord -version ka ga sunan da zai fito, daƙiƙa biyu ne, zai raba maka gardama. Ni a ganina wodim yana iya ƙona CD na yau da kullum ba laifi, amma ba na ɗora sabon aiki a kan abin da aka bari shekara goma sha wani abu, balle in DVD ne ko Blu-ray.

Gida na uku shi ne wanda nake zaune a ciki, libburnia, wanda Thomas Schmitt ke jan ragamarsa. Su ba reshen cdrecord ba ne, nasu ginin daban ne, kuma su ne suka ci gaba da samun gyara bayan waɗancan sun tsaya. Kayan aikinsu biyu ne za ka riƙe, xorriso da cdrskin. Shi xorriso yana haɗa ISO kuma yana ƙonawa, CD da DVD da Blu-ray duka, kuma ya iya kwaikwayon yaren tsofaffin, wato in ka ce masa -as mkisofs zai karɓi umarni irin na mkisofs, in ka ce -as cdrecord haka nan. Abin da ya ƙara min natsuwa da shi, da shi Debian kansu suke haɗa faifan girka tsarinsu, kuma grub-mkrescue, mai haɗa faifan tayar da kwamfuta, shi yake kira. Abin da dubban mutane ke dogara da shi kullum in ya samu matsala da wuri ake ganowa.

A aikace ga yadda nake faifan ajiya. Na tara komai a folda ɗaya, a ce sunanta karatu, sai na rubuta xorriso -as mkisofs -r -J -o karatu.iso karatu, in ya gama sai xorriso -as cdrecord -v dev=/dev/sr0 speed=8 karatu.iso. Shi kenan. Wannan /dev/sr0 shi ne sunan sidirom na farko a Linux. In ka ci karo da tsohon bayani da ke cewa ka kunna ide-scsi ko ka nemo lambobi irin dev=0,0,0 to na zamanin tsohon zubin Linux na 2.4 ne, wuce shi. In kuma ya ce ba ka da izini, duba ko sunanka na cikin rukunin cdrom, a Debian da Ubuntu nan ne yawanci matsalar take.

Waɗancan haruffa biyu, -r da -J, kar ka raina su, nan ne faifai da yawa ke lalacewa ba tare da an ƙona shi ba daidai ba. Tsarin ISO 9660 na 1988 a matakinsa na farko harafi 8 kawai yake yarda da shi a suna, sai 3 bayan ɗigo, duk manyan baƙaƙe. Don a gyara wannan aka yi ƙari biyu. Rock Ridge, wato -r, na mutanen Unix ne, yana riƙe dogon suna da izinin fayil. Joliet, wato -J, na Microsoft ne, yana ɗaukar harafi 64, shi Windows ke karantawa. In ka sa na farko kawai, a kwamfutarka komai zai fito tsaf, ka kai wa mai Windows a kafe ko ofis ya ga sunaye a guntule ba ya gane wanne ne wanne. Sa duka biyun kullum, ba su cin wuri. Sannan mu masu Hausa muna da ƙarin abin lura, haruffan nan masu lanƙwasa ƙ da ɗ da ɓ. Joliet yana iya riƙe su, amma ƙaramin allon rediyon mota ko na'urar DVD ta falo ba lallai ya iya nuna su ba, don haka in faifan can zai je ina rubuta sunayen da baƙaƙe marasa lanƙwasa, gajeru. Kuma ka sa lamba da sifili a gaba, 01, 02, 03, in ba haka ba jerin zai zama 1, 10, 11, 12 sannan 2, dattijo yana sauraron darasi na ɗaya sai ya tsinci kansa a na goma.

Faifan sauti kuwa xorriso ba ya yin sa, wannan aikin cdrskin ne ko cdrdao. Da farko sai ka mayar da MP3 ɗin WAV, wato sautin da ba a matse ba, daidai da ƙa'idar faifan sauti, misali ffmpeg -i 01.mp3 -ar 44100 -ac 2 01.wav, saboda yawancin karatun da ake turawa a WhatsApp kunne ɗaya ne kuma an rage masa nauyi. Kar girman WAV ɗin ya tsorata ka, minti 80 zai haura 800MB amma zai shiga faifan 700MB, dalili kuwa a faifan sauti kowane yanki yana ɗaukar bait 2,352, a na ajiya 2,048 ne kawai saboda ragowar an ba wa gyaran kuskure. Daga nan cdrskin -v dev=/dev/sr0 -sao -pad -audio sai jerin fayilolin.

Akwai abu ɗaya a nan da ya shafi masu karatun Alƙur'ani da wa'azi kai tsaye. Ƙonawa hanya biyu ce, ko a rubuta zango ɗaya a ɗaga hasken a sake saukewa a na gaba, ana kiran wannan TAO, ko a rubuta faifan gaba ɗaya a numfashi ɗaya, DAO ko SAO. Ta farko tana cusa shiru na daƙiƙa 2 tsakanin kowane zango. In waƙoƙi ne daban-daban ba wanda zai damu, amma in doguwar sura ce ka yanka ta gida biyar don a riƙa tsallakawa, wannan shirun zai faɗo a tsakiyar karatu, ga wanda ke bi da hadda abin yana da ciwo. Nan cdrdao ya yi fice, sunansa ma daga DAO ɗin ya samo asali. Kana rubuta masa ɗan fayil na jadawali ka faɗa masa daidai inda kowane zango zai fara, ba tare da ko ɗigon shiru ba. Yana buƙatar zama a koya, amma in dai sauti ne sana'arka ko hidimarka a masallaci, ya cancanci zaman.

Shi cdrdao ne kuma ke fitar da kai in VCD ake so, irin faifan da finafinan Hausa suka yi tashe a kansa bayan kaset. Ana shirya bidiyon a MPEG-1 mai girman 352 da 288, vcdimager ya haɗa shi ya ba ka fayil biyu, cue da bin, cdrdao ya ƙona. VCD da faifan sauti ba a kwafarsu da umarnin kwafi na dd ko da jan fayil kamar faifan ajiya, tsarin yankunansu daban ne, na sauti cdparanoia ake sa wa ya tatso shi. Ina faɗar wannan don mai bidiyon bikinsa ko walimar saukar ɗansa da ke tsohon faifai yana son ya tsirar da shi. Kwafar fim ɗin mutane a sayar kuwa mun ga abin da ta yi wa masu sana'ar a garin nan, ba na goyon bayanta.

To in mutum ba ya son taminal fa? Ba laifi ba ne, ni ma in ina sauri fuska nake buɗewa. K3b na KDE, wanda Sebastian Trüg ya fara, shi ne ya fi cika, yana sauti yana ajiya yana VCD yana kwafi, yana mayar da MP3 faifan sauti da kansa, kuma abin da na fi so, a cikin saitinsa akwai shafin da ke nuna maka injinan da ya samu a kwamfutarka da lambar zubinsu, ka ga ba a ɓoye maka mai ɗinkin ba. Aibinsa ɗaya, in ba tsarin fuskar allo na KDE kake amfani da shi ba, zai jawo kayan KDE masu yawa wajen saukewa, ga tsadar data. Xfburn ƙarami ne, kai tsaye a kan libburn yake zaune, shi nake sa wa tsofaffin kwamfutoci masu ƙaramin RAM. Brasero na GNOME yana da sauƙin gani, amma an daɗe ba a yi masa wani babban aiki ba, kuma in ya gaza ba ya yi maka bayani sosai, ni dai shi ne na ƙarshe a jerina. Ga DVD za ka ga K3b yana kiran growisofs na Andy Polyakov, tsoho ne shi ma, tun 2008 rabonsa da sabon zubi, amma yana aiki. Masu FreeBSD cdrtools na asali suke girkawa, OpenBSD na zuwa da cdio a jikinsa, a Mac kuma hdiutil burn ya wadatar.

Sai dai duk iya zaɓenka akwai abin da manhaja ba ta iya maka, kuma a Kano sun fi yawa. Na farko wuta. Tun wajen shekarar 2000 sidirom suka samu dabarar tsayawa su ci gaba in kwamfuta ta yi jinkirin turo bayanai, Sanyo suka kira tasu BURN-Proof, a cdrecord ana kunna ta da driveropts=burnfree, amma wannan ba ta da alaƙa da ɗaukewar wuta, in aka ɗauke ana tsakiyar rubutu CD-R ya tafi kenan. Shi ya sa laftof mai batir mai rai ta fi kwamfutar tebur a wannan aiki, in ba ka da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Na biyu gudu. Gudu 1x shi ne 150KB a daƙiƙa, 52x ɗin da aka rubuta a kwali sai a bakin faifan ake kaiwa gare shi, kuma faifai mai araha a babban gudu rubutunsa ba ya fita sosai, kwamfuta za ta karanta amma tsohon rediyo zai riƙa tsalle. Ni 8x ko 16x nake sawa, a 8x cikakken faifai kamar minti 10 ne. Wasu sababbin sidirom ba sa sauka ƙasa sosai, ko ka ce 4 za su ɗauki mafi kusa da suke iyawa, ba matsala ba ce. Na taɓa sayen dami guda na faifai a wani shago, kusan rabinsa suka ƙi ci a kowace manhaja na gwada, na canza faifai komai ya daidaita, don haka kafin ka zargi K3b gwada wani faifan. Ƙurar hunturu ma tana hawa idon sidirom, in yana yawan gazawa a lokacin sanyi a fara duba nan.

Ga tsohuwar na'ura CD-R za ka saya, CD-RW mai gogewa ba ya mayar da haske sosai, tsofaffin rediyoyi da yawa ba sa ganinsa. Kuma ka rufe faifan a ƙonawa ɗaya, kar ka bar shi a buɗe da niyyar ƙari gobe, yawancinsu zaman farko kawai suke karantawa, wasu ma ba sa karɓar faifan da ba a rufe ba. Umarnin da na bayar a sama suna rufewa da kansu muddin ba ka ƙara -multi ba.

In an gama ƙonawa a tabbatar. A K3b akwai ɗan akwatin da za ka danna ya sake karanta faifan ya gwada da asali. A taminal cmp karatu.iso /dev/sr0 nake yi, in abin da ya ce kawai shi ne ya kai ƙarshen karatu.iso bai ga bambanci ba, to faifan ya yi, ragowar ciko ne da ake sawa a ƙarshe. Faifan sauti kuma ba ni da gwajin da ya wuce in kai shi na'urar da zai zauna, na Kawu sai da na shiga motar muka ji zango na farko da na tsakiya da na ƙarshe, don na ƙarshen a bakin faifai yake kuma nan ne rubutu ya fi rauni.

Na kuma roƙe shi kar ya bar su a gaban gilashi. CD-R rini ne a cikinsa wanda haske ya ƙona, rana da zafi suna ci gaba da cin rinin nan, motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu a Kano kuwa kowa ya san yadda cikinta yake. Saman faifan, gefen da ake rubutu, shi ne mafi rauni ba ƙasan ba, don abin da ke ɗauke da bayanan dab yake da saman, don haka da maka mai laushi ake rubuta suna, biro na iya huda shi. WAV ɗin da jadawalin cdrdao na faifan nan shida na bar su a hadis ɗin kwamfutata, wato hard disk, da wani filashi daban, ranar da ɗaya ya karce minti goma ne in sake masa wani.